Kaskon Wutar da Ya Zaɓa Mana Unguwa

A shekarar da aka karya darajar kuɗi muka nemi gidanmu na farko a Tawa. Maigida magini ne, kuma yawancin aikinsa gidajen ma'aikatan gwamnati ne. To ga ma'aikatan an daina biyansu, yau yajin aiki, gobe yajin aiki, har 'yan lakwal, yaran makarantar boko, suna zaune gida. Gini ya tsaya cak. Sai ya ce da an gama girbi zai tafi biɗa, wato ci-rani, Abijan, kamar yadda mazan Adar suka saba, sai damina ta kusa ya dawo.

Ni kuwa ina ɗauke da cikin fari, muna zaune gidan iyayensa a wani ƙauye wajen Bambeye. Uwata wajen haihuwar ƙanena ta rasu, a kan amalanken jaki, ba a kai ga likita, wato asibiti, ba. Ina ƙarama lokacin, amma na ga yadda aka juyo da jakin. Don haka na ce wa maigida ni ba zan haihu nesa da likita ba. Shi bai yi musu ba. Inna, uwarsa, ita ta ƙi.

"Birni?" in ji ta. "Wa gare ki birni? Shi ya tahi, ke ki zamna cikin bango. In naƙuda ta taso ki kira wa? Pampo?"

Ba mugunta ba ce. Tun da aka kawo ni gidan take kirana ɗiyata, kuma da gaske take. Da muka dame ta sai ta ce, "Ku tahi ku biɗo gidan. Zan taho da ƙahwata in gani. In ban ga mutane ba, ɗiyata tana nan wurina, ko kuka za ta yi."

Ranar Lahadi muka shigo cikin 'yan kasuwa, muka sauka gidan wani abokin aikinsa. Dama maigida ya riga ya ji labarin gidajen haya a unguwa uku. Shi in ya shiga gida, bango yake ƙwanƙwasawa, ya ɗaga kai ya dubi azara, ya zagaya ya ga inda indararo yake zubar da ruwa. Ni ban san komai a wannan ba. Ban yi nisa a lakwal ba, ban kuma saba yawo ba, mutuniyar tsakar gida ce ni. Amma na san abu guda. A ƙauyenmu, in kana son ka san mace, je ka ɗibar wuta gidanta. Akwai wadda za ta tono maka garwashin da ya kusa mutuwa. Akwai wadda za ta ce ɗiba da kanka, ko juyowa ba za ta yi ba. Akwai mai zaɓo maka jan garwashi ta rufa masa toka don kada iska ta ci shi. Akwai kuma wadda za ta tsare ka da tambayar mutanen gida har wutar ta mutu a hannunka, ta sake zuba maka wata. Sai na ari wani ƙaramin kasko wajen matar mai masaukinmu, na ƙulle shi cikin mayafi. Ban gaya wa maigida ba, don na san dariya zai yi.

Gidan farko a sabuwar unguwa yake, can bakin gari, inda aka yanka filaye aka jera gidajen siminti. Akwai pampo a tsakar gida, akwai kuran, wato wutar lantarki. Maigida sai shafa bango yake yi kamar ya ga doki. Na bar shi nan na fito ƙofa na saurara. Hantsi ya yi, lokacin da ya kamata a ji turmi ta ko'ina, amma ba na jin komai sai rediyo daga wani gida, ana ta maganar majalisa. Na je gidan da ke jingine da namu na yi sallama. Ƙofar ƙarfe ce, a kulle. Can wata murya ta ce wane ne. Na ce baƙuwa ce, wuta nake so. Sai na ga hannu ya miƙo kwalin alimeti, wato ashana, ta saman ƙofa.

"Riƙe duka," in ji muryar. "Ba sai kin maido ba."

Muryar mai daɗi ce, kuma a wancan lokacin kwalin alimeti ba ƙaramar kyauta ba ce, balle daga gidan da wataƙila an yi watanni ba albashi. Har yau ina sa mata albarka. Amma ban ga fuskarta ba, ita ma ba ta ga cikina ba.

Gida na biyu bayan tasha yake. Nan kam mutane har sun yi yawa, ga masu tuwo, ga masu gyaran taya, ga hayaniyar kamiyo, manyan motocin kaya. Zamanin jam'iyyu ne, kowace ƙofa da ƙyallen da aka ɗaura mata. Ni kuwa zanen da ke jikina wata 'yar ƙanwar Inna ta ba ni, irin wanda aka raba lokacin zaɓe. Don sabo ne na ɗaura shi, ko sanin na wa ne ban yi ba. Na shiga gidan maƙwabta da kaskona, na tarar da mace tana tuƙa tuwo, wuta na ci bal-bal. Ta amsa sallamata da fara'a, sai idonta ya sauka kan zanen.

"Ku da kuka ci mulki, wuta ma sai kun zo wurinmu? Je ki wajen naku."

Kafin in buɗe baki, wata daga gidan da ke fuskantarsu ta leƙo. "Taho nan, 'yar'uwa, tamu ce ke! Bar ta da baƙin cikinta, ƙuri'arsu ma akuya ta cinye."

"Akuyar gidanku, da ba ta da abin ci sai takarda!"

Suka kaure, ni ina tsaye da kasko a tsakiya. Daga baya na gane rabin faɗan wasa ne, don na ji ɗayar na tambayar ɗayar ko ta ga rariyarta. Amma na ce a raina, in naƙuda ta same ni ranar da na ɗaura zanen da bai dace ba fa?

Na uku sai washegari muka je. Tsohuwar unguwa ce, gangare wajen tabki, lunguna ƙanana, duwatsu ko'ina kana tuntuɓe. Gidan ɗaki ɗaya ne da rumfa, na laka, ga tsaga a bangon gabas wadda hannu zai shiga. Ba pampo, sai an je bakin hanya. Maigida ya dubi tsagar ya yi tsaki. Ni kuwa tun daga bakin lungu kunnena ya cika. Turame na amsa wa juna, wata na yin lugude har da tafi. Wani Buzu maƙerin azurfa na ƙwas-ƙwas a zaurensa. Wata na kiran wata ta kan katanga, wai ta duba mata tukunya za ta je pampo. Ga ƙamshin masa kuma.

Na bi ƙamshin. Gidan da ke bayan namu ne, ko ƙyaure babu, sai tabarma a rataye. Wata tsohuwa ce zaune gaban tanda, baƙa, doguwa, tana juya masa da tsinke. Daga maganarta na gane mutuniyar Damagaram ce. Na durƙusa na gaishe ta, na ce wuta nake so.

Ba ta dubi kaskon ba, cikina ta duba. "Wata nawa?"

Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai.

"Na fari ne ke nan, tunda ba kya iya faɗa. 'Yar wa ce ke? Ban san ki a lungun nan ba."

Na ce gidan baya ne.

"Gidan da ya yi shekara a rufe? Yaushe kuka tare ban ji ba? Ni ko kaza ta shiga gidan nan sai na ji." Ta karɓi kaskon, ta zuba toka a ƙasa, ta zaɓo garwashi manya. Na miƙa hannu, ta buge shi. "Da wannan cikin za ki ɗauki wuta a lungun duwatsu? Ki faɗi a ce gidana kika fito? Wuce gaba."

Na ce ta bar shi, Iya, zan iya. Ko saurarena ba ta yi ba. Ta sauke tandar, ta kira wata ta kan katanga ta ce ta sa mata ido, ta biyo ni. Ina tafe ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muka shiga. Tsakar gida fayau, ba tabarma, ba tukunya, ba ko tsinke, sai maigida tsaye da hannunsa cikin tsagar bango. Tsohuwa ta dubi gabas ta dubi yamma.

"Ina murhun?"

Na ce babu. Dole na gaya mata komai: tafiyar maigida, maganar Inna, da abin da nake yi da kaskon tun jiya. Maigida ya saki baki, don shi ma lokacin ya fara ji.

"Au," in ji ta. "Gwada ni kika zo yi? Ni da na yi jika da ke?" Na ɗauka zagi zai biyo. Sai ta fashe da dariya har garwashin na neman zubewa. "To malama mai jarrabawa, na ci ko na faɗi?" Ta juya kan maigida. "Kai kuma tsaye kake? Duwatsu sun ƙare a Tawa ne? Kawo na murhu, hannuna ya gaji. Ni ba na mayar da wuta gida."

Ya ce, "Iya, ai ba mu yanke shawara ba tukuna. Dubi bangon nan."

"Mene ne sana'arka?"

"Gini."

"To wa kake nuna wa tsaga? Ni?"

Haka ya fita ya kwaso duwatsu ya jera, ta juye wutar, ta tsinto 'yan karare a gindin katanga ta ɗora. Ba abin da muka dafa ranar. Mun dai zauna a ƙasa muka ci masar da ta aiko, muna kallon hayaƙi na tashi a gidan da ko mai shi ba mu gani ba tukuna.

Cikin sati muka tare. Maigida ya cike tsagar, ya yi wa ɗakin yaɓe, ya dasa dogon yaro kusa da rumfa. Abin da na fi tunawa shi ne katangar da ke tsakaninmu da Iya mai masa. Gajera ce, kuma akwai wani wuri a samanta da ya lotsa ya yi sumul don yawan ɗora gwiwar hannu. Ta nan gishiri ke wucewa, da rariya, da labarin wanda ya dawo daga biɗa da wanda ya yi shiru. Maigida ya so ya ƙara mata tsawo, na ce ya taɓa ta ya gani. Yanzu unguwar duk an ja bango sama, an sa ƙofofin ƙarfe, sai ka yi kwanaki ba ka ga maƙwabcinka ba.

Ana saura kwana kaɗan maigida ya tafi, Inna ta iso a motar kasuwa. Na lura ta zo da babban kwando ba komai a ciki, na san na kwashe kayana ne. Ta zauna a rumfa fuska a ɗaure, ta ƙi ko yabon yaɓen ɗanta. Ni kuma don in nuna mata ina iya riƙe gida, na tashi na kama turmi zan jawo shi inuwa.

"Ke! Aje turmin nan!" Iya ce ta kan katanga. "Sau nawa zan gaya miki? Kunnen ƙashi gare ki."

Inna ta miƙe tsaye. "Wace ce wagga da ka yi ma ɗiyata tsawa?"

"Wadda take ganinta kullum. Ke ce uwar mijin? Sannu da zuwa. Kina zaune tana jan turmi?"

"Ni na haihi tara, duk da turmi a hannuna."

"Shi ya sa bayanki ya lanƙwashe."

Na ce a raina yau kam komawa ƙauye ta tabbata. Maigida ya sulale waje. Amma sai Iya ta zagayo da kwanon masa, ta zauna kan tabarmar Inna ba a ce mata zauna ba, suka ci gaba. Daga turmi suka koma kan kunun kanwa, ko da gero ya fi ko da dawa. Daga nan suka koma kan wankan jego. Iya ta ce ta riga ta yi wa mai itace magana, ta kuma gaya wa Buzun zaure, wanda ƙanensa ke da mota, cewa ko wane lokaci aka buga masa ƙofa likita za a tafi. A nan Inna ta ɗan daɗe tana jujjuya masar da ke hannunta. Sannan ta ce mutanen gabas ba su san ruwan zafi ba, ɗumi kawai suke yi. Iya ta ce mutanen Adar kuma dafa mai jego suke yi kamar kaza. Mata biyu suka leƙo ta katanga, kowace ta kama ɓangare. Har la'asar ana abu guda, kwanon masa kuwa ya ƙare.

Da safe Inna ta yi shirin komawa. Na tsaya ina jiran ta ce in ɗaure kayana. Sai ta tura kwandon da ƙafa zuwa ƙofar ɗakina ta ce in riƙa zuba kayan jariri a ciki. Na raka ta bakin lungu, ta kama hannuna ta rage murya.

"In wata ya kama, ki aiko a gaya mini tun da wuri. Kada ki bari waccan matar ta yi miki wankan hwarko, ba ta iya ba."

Daga bayan katanga Iya ta ce, "Ina jin ki!"

"Don ki ji na hwaɗa," in ji Inna.

Maigida ya hau kamiyo ranar Lahadin da ta biyo. Cikin bazara na haihu a likita, da rana tsaka, Iya na riƙe da kaina a motar ƙanen Buzu tana yi wa direba faɗan ramuka. Inna ta iso washegari, kuma har aka yi arba'in ba su daidaita kan zafin ruwan ba. Ɗaya ta ƙara itace, ɗaya ta surka, ni ina zaune a tsakiya da ganye a hannu ina jiran su gama.