Ruwan Rijiyar Su Mallayya

Mallayya ya riga ni shiga cibiyar binciken nan ta Hyderabad da shekara goma sha ɗaya. Ni na zo ne bayan rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa, aka ba ni wankin kwalabe. Shi kuwa mai hidimar inji ne, wani ƙaton tulun ƙarfe mai ƙafa uku da maganaɗisu a cikinsa, wanda ba a kusantarsa da makulli ko allura. Duk Litinin Mallayya ke ɗura masa ruwan sanyi mai hayaƙi, yana yi masa magana kamar mai lallashin ɓaunar gidansu.

Gajere ne, ƙafafunsa a lanƙwashe, haƙoransa jajaye, alhali ko taba bai taɓa sa wa a baki ba. Duk 'yan ƙauyensu a Nalgonda haka suke. Likitoci sun ce wani sinadari ne, fulorin, ya yi yawa a ruwansu. Shi dai ya ce rijiyar da ta fi tasu daɗi ba a haƙa ta ba tukuna. Ya girme ni, amma Khala, wato inna, yake kirana, wai don in riƙa jin nauyin yi masa faɗa.

A shekarar da nake ba da labari akwai wata ɗaliba, Sirisha, siririya, mai mantawa da abincinta. Ita ta taɓa yi mini bayanin aikinta muna cin shinkafa. Ta ce RNA wani zare ne a cikin jikin mai rai, yana naɗe kansa yana warwarewa, kuma ido ba ya ganinsa. Sai su maƙala masa ƙwayar fulorin ɗaya, kamar yadda ake ɗaura wa yarinya ƙararrawa a ƙafa. Injin ba ya ganin yarinyar, ƙarar yake ji. In zaren ya naɗe, layi ya fito nan a allo. In magani ya kama shi, layin ya gusa. Wata takwas ta yi tana haɗa zaren nata, kuma a bana za ta gama ko ta ƙara shekara.

Da Dasara, idin 'yan Hindu, ta zo aka yi bikin kayan aiki. Mallayya ne limamin abin. Ya rataya wa injin furanni da ya shirya a zaren auduga, don wayar ƙarfe ba ta shiga ɗakin, ya ɗiga masa jan gari a goshi, ya yayyafa wa ƙafafunsa ruwan rijiyar haikalin ƙauyensu da yake kawowa a gora. Ni nakan tsaya bakin ƙofa da carbina, in an gama a miƙo mini ayaba. Daga nan na hango shi ya ratse wurin shuɗin kwandon da na jera siraran kwalaben Sirisha, ya ɗiga wa kowace ɗigo guda, ya tura su cikin tanda su bushe. Na ɗauka ruwa ai ruwa ne.

Bayan kwana huɗu Sirisha ta shigo da kwalin laddu, wata dunƙulalliyar alewa, tana rabawa. Wani sabon layi ya fito kusa da nata, siriri, tsaye cak. Ta ce zaren ya yi wata naɗewa da ba wanda ya taɓa gani. Shugabarta, Farfesa Kameswari, ta ce a gwada kwalba babu zare a ciki. Aka ɗauko sabuwa daga kwali aka gwada, ba layi. Shi ke nan, aka fara rubuta takardar da za a kai taro. Mallayya ya ci laddu uku, yana gaya wa mai gadi cewa albarkar bana ta kama.

Ni ban san karatun allon ba, amma na san kwalabena. Duk wadda ta ba da layin nan daga shuɗin kwando ta fito. Kuma kalmar da nake ji a ɗakin nan safe da yamma ita ce wadda likitoci suka faɗa a kan haƙoransa.

Na same shi a ƙarƙashin bishiyar maina yana buɗe kwanon abinci. Na ce, "Mallayya, abin nan da injin ke saurare, ba shi ne a rijiyarku ba?"

"Khala, ɗigo guda fa. Ko tururuwa ba zai jiƙa ba."

"Zaren nata ma ai bai kai ɗigo ba."

Ya rufe kwanon. Ya ce shi ma'aikacin kwantiragi ne, ranar da Madam Farfesa ta ji ya taɓa kwalaben ɗaliba, ranar zai koma ƙauye kiwon ɓauna da ƙafafun nan. Ya tambaye ni ko zan faɗa. Na ce ba bakina ba ne, amma yarinyar za ta tsaya gaban manya da abin da ba shi ne ba. Ya ce ni dai da carbin nan ban bar mutum ya ci abinci lafiya ba.

Washegari ya zo da rigarsa ta biki, gorar a hannu, ya shiga ofishin Farfesa. Na ga wankin kofunanta ya kamata a yi a daidai lokacin, sai na bi shi ciki. Ya ajiye gorar a tebur ya faɗi komai yana kallon silin. Farfesa ta karɓi gorar. Ta ɗebi ruwan a kwalba, ta sa a inji da hannunta. Layin ya tashi a wurinsa, dogo, ya kusa fasa allo.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Wannan kuke sha?"

"Tun kakanni, Madam. Da daɗi kuwa."

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce da ya yi shiru, da ita ce za ta sha kunya a taro, ba shi ba. Ta hana shi kusantar kwandunan kwalabe har abada, ta ce inji kuma yana nan a hannunsa, don ba wanda ya san halinsa sai shi. Ta buga masa hoton layin a takarda, ta rubuta wani abu a ƙasa, ta ce ya kai wa dagacinsu.

Sirisha ta yi kwana tara ba ta gaishe shi ba. A na goma ya tarar da ita tana kokawa da murfin tulun sanyi, ya karɓa ya buɗe. Ta ce ya biya ta laddu uku. Na sake wanke mata kwalabe tas, layinta na gaskiya ya gusa da aka sa magani, ta gama a shekarar, ko da yake ba da sabon abin mamaki ba.

Har yanzu Mallayya ke bikin kayan aiki, sai dai da tataccen ruwan ɗakin gwaji yake yayyafi. Duk shekara sai ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya ce mini ruwan da ba komai a cikinsa ina zai samo albarka. Ni dai in miƙa hannu in karɓi ayabata.