Binciken Gwaggo a Kan Tabarma

Da zan tafi Parakou karatun aikin jinya, mahaifina ya damƙa ni a hannun ƙanwarsa da ke unguwar Albarika, da sharaɗi guda: ranar da Gwaggo ta kai ƙarata, ranar zan koma Djougou, karatu ya ƙare.

Gwaggo kuwa, Allah Ya jiƙanta, ba ta yarda da kowa ba. Atamfa take sayarwa a kasuwar Arzèkè, kuma ko ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya gaishe ta da fara'a, sai ta sake ɗaure bakin jakarta.

Da jarrabawa ta ƙarato, muka fara haɗuwa da 'yan ajinmu a gindin wani mangwaro da la'asar muna rebiziyo, wato bitar darasi. Ranar farko da na dawo, na tarar da ita a kan tabarma tana jirana.

"Karatu a gindin mangwaro? Da maza?"

"Wallahi karatu ne, Gwaggo."

"To zauna. Faɗa mini abin da aka karanta. Da Hausa, kada ki ɓuya mini a bayan Faransanci."

Kai, na ji haushi! Amma na zauna. Kullum haka. Ina bayani tana kallon bakina kamar mai duba jabun yadi. "Me ya sa?" "Wa ya ce?" "Sake faɗa." Inda ban gane ba, nan harshena ke sarƙewa, nan kuma take gyara zama. Tsoronta ya sa na daina hadda irin ta aku, sai na tabbatar zan iya warware abu da bakina kafin in baro gindin mangwaron.

Ana saura kwana kaɗan, ina mata bayanin zuciya, na ce ɓangaren hagu ke tura jini zuwa huhu.

Ta tafa hannu. "Yawwa! Na kama ki. Rannan dama kika ce. Mai ƙarya ba ya tuna abin da ya faɗa. Ina kike zuwa?"

Ta jawo waya za ta kira Djougou. Na ga karatuna zai salwanta saboda hagu da dama. Na roƙe ta da kuka, na ɗauko littafi na duba. Dama ce. Ni ce na rikice. Ta ajiye wayar, ba don ta yarda ba, sai don a cewarta tana so ta kama ni da hujjar da ta fi wannan.

Ranar da sakamako ya fito, na shigo da gudu na ce na ci. Ko murmushi ba ta yi ba.

"Wa ya ba ki amsa?"

"Ke, Gwaggo."

"Ni? Kul! Kada ki sa ni cikin abin da ban sani ba."

Na shige ɗaki raina a ɓace, ko mayafi ban cire ba. Can sai na jiyo muryarta ta kan katanga, tana ƙwala wa maƙwabciya kira: "Hajiya! Hajiya, fito ki ji, mun ci jarrabawa!"