Ranar da na yi ribas a ƙofar gidan mai jinya

Shekarun baya, lokacin da ciwon tsofaffin motoci ya kama ni sosai, abokina bakanike ya ce ya gano mini 504 mai dogon baya a Anguwan Rukuba. Ni kuwa a majalisarmu ta Dilimi ba wanda ya kai ni cika baki a kan cewa ƙarfen zamanin da ya fi na yanzu. Ko karyawa ban yi ba muka tafi.

Motar fara ce tas, inji kamar agogo. Kujerun baya ne kawai babu, kuma mai sayarwa ya ce oga, kaya take ɗauka. Ya miƙo makulli, amma ya ƙi shiga, wai ƙafa na damunsa.

Muna shiga unguwa na ga abin da ya fasa mini kai. Masu mashin na kaucewa, masu hira a bakin shago na yin shiru, wani dattijo har ya miƙe ya cire hula. Na ce wa abokina ka gani ko, mutanen nan sun san mota. Ya juya yana ɗaga kafet ɗin baya, inda wasu ƙarafa biyu suka miƙe tun daga bayan kujerarmu har ƙofar but.

Ni ina can ina gwada giyar motar. Al'adata ce ba na yarda da mota sai na ji ribas ɗinta, don haka na sami wani lungu, na ja da baya a hankali har gindinta ya daidaita da ƙofar wani gida, na taka burki.

Sai ga wata tsohuwa ta fito da kofi da cokali a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta dafa tagar da nake.

"Ɗana, bai tafi ba tukuna. Yanzu na ba shi kunu. Ku bar mini shi zuwa Lahadi, 'yarsa tana hanya."

Abokina ne ya raɗa mini cewa ƙarafan nan na tura akwatin gawa ne. Ashe motar cocin unguwar ce, ta yi shekaru tana kai mutanen unguwar makabarta, kuma da baya take tsayawa a ƙofar gidan da aka yi rashi. Na fito na durƙusa ina cewa Mama ki yafe, gwaji kawai muke yi. Ta dube ni kamar ba ta yarda ba, ta koma ciki ta sa sakata.

Abokina ne ya mayar da motar, ni a ƙafa na bi shi. Ban saya ba.

Ranar Litinin abokina ya koma unguwar don gyaran wata mota, ya kira ni. Ya ce sabuwar motar da aka saya wa cocin ba ta iso ba, an aro tsohuwar motar, ga ta can tsaye da baya a ƙofar nan. Na tambaye shi ko 'yar ta iso. Ya ce ta iso, Lahadi da yamma.

Har yau ina son tsofaffin motoci, amma kafin in tambayi lafiyar inji sai na tambayi aikin da mota ta yi. Kuma ko layi ya kai ƙuncin me, ba na yin ribas zuwa ƙofar gidan kowa.