Yaɗiyar da Muka Shanya a Inuwa

Ƙarshen damina ne, ruwa ya fara ɗaukewa, gero ya nuna amma ba a soma yanka ba. Shekarar ba ta zo mana da daɗi ba. An bar gonakin nesa saboda mutanen daji, kowa ya matse a 'yar gonarsa ta bayan gari, in magariba ta yi sai ka ji garin shiru kamar an yi rasuwa. A cikin wannan hali ne ɗiyata ta fari ta zo hutu daga jami'a, da wofin buhuna a naɗe cikin jakarta.

Ba ni na raine ta ba. Tun da aka yaye ta yayana ya tafi da ita Gummi, ya sa ta makaranta, ta haka kuma Allah ya tsare ta lokacin da gubar dalma ta shigo mana 'Yargalma. Mu da ke gida, dutsen zinare muke dakawa a tsakar gida, ba mu san akwai dalma a jikinsa ba, yarana maza biyu suna rarrafe cikin garinsa. Ɗaya aka ɗauke shi zuwa maƙabarta. Ɗayan likitoci sun ceto ransa, amma bai dawo yadda yake ba. Yanzu gemu ya fara fito masa, ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki. In ciwon ya tashi yakan faɗi ya sanƙare. Maganarsa ba ta wuce Inna da ruwa ba.

A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da lamarinsa. Haka na ga innata ta yi wa yayana, haka ni ma na yi. In ina son sanin wani abu game da ɗiyata, sai in kasa kunne in tana magana da wani.

Ranar ina tankaɗe, na ba ɗiyata baya, maƙwabciyata mai ƙosai ta shigo wurinta. Ita ma tana da yarinya guda da dalma ta taɓa, amma ba ta rabo da barkwanci.

"Ke likita, mi za ki yi da buhuna haka? Ko awon gero anka koya muku?"

"Gwaggo, ni fa ba likita ba ce. Yaɗiya nake so, don aikina na ƙarshe a makaranta."

"Yaɗiyar da awaki ka ci? Duk karatun nan naki, ashe a kwaɗo za ki ƙare!"

Ɗiyata ta yi dariya, ta ce akwai wani abu dangin sitaci a kulle cikin ganyen, wanda tafasawa kawai ba ta fitar da shi duka. Sai sun zuba wani sinadari da ake kira inzayim. "Kin ga yadda kuke zuba tsiron dawa a kunu mai kauri ya tsinke? To shi ma haka yake narkar da jikin ganyen, abin da ke ciki ya fito cikin ruwa."

"In ya hito hwa?"

"Ana zaton yana tare ɓarnar da ke cin jiki daga ciki, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ko dalma ma, har da ta wannan hanya take ɓarna."

Rariya ta tsaya a hannuna. Na so in juya in ce, to zai yi wa ƙanenki? Maganar ta zo har bakina, kunya ta mayar da ita. Na ci gaba da tankaɗe.

Kafin ta koma ta bar sallahu a bakin maƙwabciyar, ina ji. Kada a tsinko kusa da inda aka taɓa niƙa dutse. A wanke, a shanya a inuwa, kada kanwa ta taɓa shi, kada a daka.

Da yamma maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga, babu wasa a muryarta. "Magani ne, ko?" Na ce, "Allah ya sa." Ban ce i ba, amma ta dubi fuskata ta ga abin da ke raina. Kafin Juma'a magana ta zaga duk gidan da ke da yaro irin nawa.

Yaɗiyar bakin gari duk a ƙasar dalmar da muke tsoro take. Sai muka riƙa haɗuwa muna nausawa can bakin gulbi, inda maza ma suka daina zuwa. Hannu yana tsinka, kunne yana hanya. Wata rana muka ji kukan babura, muka kwanta cikin ciyawa, ƙaiƙayi yana cin mu, ba mai motsi. A nan ma maƙwabciyata sai da ta raɗa mini, "In sun kama mu ke za mu miƙa, ke ce uwar likita." Da suka wuce muka tashi muka ci gaba. Babu wadda ta ce a koma gida.

A ɗakina aka yi shanyar. Tabarmi suka cika ƙasa, na matsar da shimfiɗar yarona bakin ƙofa. Matan sukan shigo su juya ganyen da hannu, su dubi yaron, su ce ya kusa samun sauƙi. Da ya bushe muka ɗura a buhuna, aka ba direba ya kai mata Sakkwato.

Sai da bazara ta dawo. Ta rame, amma fuskarta fes, malamanta sun yaba aikin. Ta fito da wata 'yar kwalba kamar ta turare, da gari a ciki launin toka, bai kai rabinta ba. Na karɓa na duba rubutun jikinta, karatuna na yaƙi da jahilci bai iya da shi ba. Ta nuna wa maƙwabciyata a waya yadda suke ɗiga shi cikin wani ruwa launin shuni, ruwan ya koma rawaya.

"Duk buhunan nan, wanga ɗan abu? Ko kin sai da sauran a tasha? To gobe ina nan tahe da cokalina."

Ɗiyata ta yi dariya, ta ɗauka wasan da aka saba ne.

Da la'asar gidan ya rage mu uku. Yaron yana zaune a inuwar zaure yana kaɗa kai. Na zo na zauna kusa da ita a tabarma ɗaya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Cokali nawa za a sa mishi a kunu?"

Ta dube ni. Na ga dariyar tana barin fuskarta.

"Inna, ba a sha."

Ta ce a kwalba kawai aka gwada shi, ko ɓera ba a ba wa ba. Akwai ragowar sinadarai a ciki, kuma za ta mayar da shi makaranta. Ta ce ko da wata rana ya zama wani abu, tare ɓarna zai yi tun ba ta auku ba. Abin da dalma ta riga ta cinye a ƙwaƙwalwa, ba ta san abin da ke dawo da shi ba.

"Wa ya ce muku magani ne?"

Na ce babu wanda ya ce. Sai na ba ta labarin matan, da bakin gulbi, da baburan. Ashe ita a zatonta a shingen bayan gari muka tsinko. Ta kifa kai a gwiwa tana kuka. "Inna, mi ya hana ki tambaye ni? Ina gabanki fa!"

Na ɗora hannu a kanta, rabon da in taɓa kan nan tun tana goye. Yaron ya ji kuka, ya ɗago yana cewa ruwa, ruwa. Ita ta tashi ta ba shi, rabi ya zube a rigarsa, ta sa gefen mayafinta ta goge masa haɓa.

Ta ce ita za ta bi gida-gida ta yi musu bayani. Na ce a'a. Ba daga bakinta suka ɗauka ba, fuskata suka duba.

Washegari na yi wa yarona wanka, na ba shi kununsa, na bar shi a hannun yayarsa. Na sa hijabi na fara da gidan maƙwabciyata, tun ba ta zo ba. Na same ta ta ɗora kasko, yarinyarta na jingine da bango a gefenta.

"Uwar likita da kanta! Ko har gida aka kawo muna?"

Na ce ta sauke kaskon tukuna, ta zo ta zauna.