Facin Ranar Lahadi

Shekarar da gwamnati ta sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki, unguwarmu ta Area 2 a Garki ta koma filin magina. Kowa ya zama mai gida, kowa kuma ya fara ganin laifin ƙasan ɗakinsa. Tun safe sai ƙarar guduma, ana farfasa tsohon daɓen tarazo ana zubarwa a bayan gida, ana shimfiɗa tayil mai sheƙi, irin wanda in ka taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa sai dai a zo a ɗaga ka. Ni na ƙi. Maƙwabciyata ta ce rowa ce, maigidana ya ce taurin kai ne, kuma shi ya fi kusa da gaskiya. A kan tarazon nan 'ya'yana suka yi rarrafe, ban ga dalilin kai shi bola don kawai ya yi duhu ya tsattsage ba. Wani direba a ma'aikatarmu ne ya ce in nemi Malam Surajo mai gyaran tarazo.

Ya zo a bayan wata akori-kura, yana rungume da injinsa kamar za a ƙwace masa. Gajere ne, furfura ta cinye gemun, gwiwoyin wandonsa sun yi fari fat saboda durƙuso. Kafin ya gama gaishe ni ya riga ya tuɓe takalmi ya shiga falo yana shafa ƙasa da tafin ƙafa. Bayansa wani dogon dattijo ne ɗauke da buhunan tsakuwa, Malam Surajo ya ce min sunansa Enoch, abokin aikinsa.

Bazazzagi ne Malam Surajo, ɗan Tudun Wada. A farkon shekarun tamanin ya zo Abuja, lokacin da ake sare daji ana kafa Garki, da niyyar ya yi leburanci na rani ɗaya ya koma gida. Sai wani ɗan kwangila ya sa shi zuba ruwa a gaban injin guga, ya ga yadda baƙin siminti ke buɗewa, duwatsu masu launi suna fitowa, shi ke nan ranin nan har yau bai ƙare ba. A wurin aikin ya gamu da Enoch, ɗan Gbagyi, wanda aka gina wasu daga cikin gidajen a kan gonar doyar babansa. In hira ta yi daɗi Enoch yakan nuna kicin ɗina ya ce nan ne wajen da yake korar birai yana yaro, Malam Surajo ya ce har yanzu bai gama korarsu ba.

Da tayil ya shigo, masu tarazo suka watse, wasu suka koma acaɓa, wasu suka bi tayil ɗin. Su biyun suka tsaya a kan gyaran abin da suka shimfiɗa da ƙuruciya. Injin nasu tsoho ne tukuf, makanikan Apo sun san shi fiye da yadda suka san motocinsu, kuma in ya tashi sai duk gidan ya ɗauka. Malam Surajo bai yarda a zage shi ba. Tayil kuwa ba ya ko kiran sunansa, sai dai ya ce "faranti".

Aikin a rabe yake tun asali. Malam Surajo ke tura inji, ya bi da dutsen guga mai kaushi, ya sauya mai laushi, har ƙasa ta yi santsi. Enoch shi ne mai ido. Inda tarazo ya fashe ko ya ɓurme sai an yi faci, facin kuma in bai dace da tsohon ba ya fi ramin muni. Enoch ke durƙusawa ya jiƙa wurin, ya duba, ya ɗebo tsakuwa daga wannan buhu da wancan, ya kwaɓa da farin siminti da ɗan garin launi. In an goge, ko mai gidan ba ya gane inda aka taɓa. Da wannan aka san su a Garki. Malam Surajo kan faɗa da alfahari cewa shi jaki ne kawai, ilimin yana wajen Baban Lydia, haka yake kiran Enoch da sunan 'yarsa ta fari. Ranar Juma'a Enoch ke gadin kaya har a sauko daga masallaci, ranar Lahadi kuma ba sa aiki, Enoch yana coci.

Shi ya sa na yi mamaki da na ji ƙwanƙwasa ranar Lahadin farko, na buɗe na ga Malam Surajo shi kaɗai da guduma. Ya ce wani ɗan abu ya manta. Ɗan abun shi ne facin da suka zuba jiya a bakin ƙofar falo, ya durƙusa yana farfasa shi. Ni ba a san ni da haƙuri ba. Na ce masa gidana ba wurin gwaji ba ne, mun kwashe kaya mun cunkushe a ɗaki ɗaya, yara suna cin abinci a kan gado, shi kuma yana gini yana rushewa. Na faɗi maganganu da yawa, yana ta cewa in yi haƙuri. Da na ce to gobe zan tambayi Enoch, sai ya ajiye gudumar.

"Hajiya, don girman Allah kada ki yi masa maganan nan," ya ce. "Idon ne. Yana ce ta rufe shi. Kore da ruwan ƙasa duk ɗaya yake ganinsu yanzu."

Ya miƙo min ɓaraguzan. Tarazona fari ne da kore, facin kuwa cike yake da tsakuwa ruwan ƙasa. Ya ce tun bara abin ya fara. Yana tsaye yake kallon Enoch na ɗebo daga buhun da ba shi ba, bakinsa ya kasa buɗuwa. Sai ya riƙa jan aiki yadda faci zai faɗo ranar Asabar, ya dawo Lahadi siminti bai gama ƙarfi ba, ya fasa ya sake. Na ce ai sai ya gaya masa a kai shi asibiti. Ya ce Lydia ta yi ta fama, tsoron a taɓa masa ido yake. Abin da ya fi damunsa shi ne Enoch ya sha faɗa cewa ranar da idonsa ya yi masa ƙarya, ranar zai ajiye aiki. Matarsa ta rasu, gonar ta zama gidaje, in ya ajiye aikin sai zaman kujera a gidan 'yarsa a Kubwa. Malam Surajo ya ce ya ga yadda irin zaman nan ke gamawa da mutum, ba zai iya kallo ba.

Tausayinsu ya kama ni, na bar faɗan. Na shiga kicin na haɗa masa shayi mai kauri. Ya sha yana duba tsakuwa ɗaya-ɗaya, yana kai ta jikin tsohon tarazon, yana gunaguni wai shi ba ya da ido, abin da Baban Lydia ke yi kafin ruwa ya tafasa shi sai ya kai azahar.

Litinin suka zo tare. Na laɓe ina kallo kamar wadda ta yi sata. Enoch ya tsuguna ya ɗora tafin hannu a kan facin, ya daɗe, sannan ya ce ya kama da kyau. Malam Surajo ya ce ai aikin gwani ne. Suka tayar da inji a ɗakin baya, ɗaya na turawa ɗaya na zuba ruwa, suna musu a kan wanda ya fi tsufa. Na taɓa tambayarsu yadda ba sa gajiya da juna, Enoch ya ce, "Madam, na gaji da shi tun lokacin soja, injin ne ba ya yarda mutum ɗaya ya riƙe shi."

Haka aka ci gaba. Ɗakunan suka fito ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabciyar tawa ta leƙo ta ce ashe haka abin yake. Saura baranda, inda tukunyar fulawa ta taɓa faɗuwa ta yi rami babba. Asabar Enoch ya kwaɓa ya zuba, ni da Malam Surajo muna kallon tsakuwa ruwan ƙasa na shiga, ba wanda ya dubi wani.

Lahadi da hantsi Malam Surajo na durƙushe ya fasa rabi, sai muka ji takun mutum a matakala. Enoch ne, cikin kwat ɗinsa na coci da takalmi sau ciki, daga gani ko gida bai biya ba. Ya tsaya a bakin baranda. Malam Surajo ya kasa tashi, ya kasa ajiye gudumar, ya fara wata magana a kan wai siminti ne ya tsage. Ban taɓa ganin dattijo ya ji kunya irin haka ba, har na ji kamar in rufe shi da mayafina.

Enoch ya bar shi ya gama. Sannan ya ce shi bahago ne, in ya shafe faci da cokalin gini layin daga hagu yake tafiya, amma tun bara duk Litinin sai hannunsa ya ji layin daga dama. Ya ce ya yi shiru ne don bai san yadda zai faɗa ba tare da ya ajiye aikin ba, kuma bai shirya ajiyewa ba. Yau a coci ya kasa jin ko kalma ɗaya, tunaninsa na wajen tsohon da ke durƙushe shi kaɗai da gwiwa mai ciwo.

"Malam, kai ma kana da iyali," ya ce. "Sunday ɗinka kake ba ni."

Malam Surajo ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, dama zaman gida ba ya yi masa daɗi. Ni dai na riƙe ƙofa, don na san abin da ake jira Enoch ya faɗa, kuma ba na son in ji.

Bai faɗa ba. Ya cire kwat ɗin ya miƙo min, ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando. Ya lallaɓa wajen buhunan, ya zura hannu ɗaya a wannan, ɗaya a wancan, ya dawo ya durƙusa kusa da abokinsa ya buɗe tafukan biyu. Mutumin da duk Garki ke kira don idonsa, a gabana, ya tambaya a hankali:

"Wanne ne koren?"

Malam Surajo ya goge fuska da hannun riga, ya taɓa masa na hagu. Enoch ya mayar da ɗayar cikin buhu, ya jawo kwanon kwaɓi gabansa, ya ce in taimaka masa da ruwa rabin bokiti.