Rabin Ƙwayar Mai Reza

Ranar da muka je gaisuwar rasuwarta, yayar mijinta ce ta zauna a tsakiyar ɗaki tana zuba yabo. Wai ba a taɓa kawo mace mai tattali irinta cikin danginsu ba. Wai tun da aka yi auren nan ba ta taɓa buɗe baki ta ce wa miji kuɗin cefane bai isa ba. Mata suna ta gyaɗa kai suna yi mata addu'a. Ni kuwa ina bakin ƙofa na cije leɓe, don na san idan na yi magana sai an riƙo hannuna an fitar da ni. Abin da suke yabon ta da shi, shi ne ya kwantar da ita.

Aminiyata ce. A ɗakin wanki na wani otal muka haɗu, can ƙarƙashin bene, inda babu taga sai wata tsohuwar fanka da ta fi ba da ƙara a kan iska. Injinan wanki a jere a jikin bango, dogon teburin guga a tsakiya, tururi ya cika ko'ina. Zanen gadon otal mutum ɗaya ba ya iya ninke shi. Sai ku biyu, kowa ta kama bakinta, ku ja da baya ya miƙe, ku karkaɗe, sannan ku tako ku haɗu a tsakiya hannu da hannu. Shekaru muka yi ni da ita muna wannan takun. A nan na ji labarin cikin autanta tun kafin mijinta ya ji, a nan ta ji na mutuwar aurena. Ita gajera ce, ni doguwa, kullum sai ta yi ɗage ni kuma na ranƙwafa, tana mita wai ko in rage tsawo ko a ƙara mata albashi. Uwar Faɗa take ce mini, ban kuma taɓa musawa ba.

Ita kuwa Mai Reza kowa ke ce mata. Rezar tana cikin wani ɗan gwangwanin alewa a aljihun rigar aikinta. Asali don yanke zaren da ya zare a bakin tawul ta ajiye ta, amma babu abin da rezar nan ba ta taɓa ba. Man goge baki idan ya ƙare a gidan kowa, a gidanta yanzu aka fara: ta tsaga robar, yara su riƙa dangwala buroshi a ciki. Sabon fensir ta raba shi biyu. Sabulun wanka ta yanka, ta ɗora rabi a saman kabad ya bushe, don busasshe ba ya saurin narkewa, guntayen da suka rage kuma ta tara su cikin tsohuwar safa ta ƙulle, ga soso ga sabulu. Kwalar rigar mijinta idan ta cinye, sai ta farke ɗinkin, ta juya ta, ta mayar, ka rantse sabuwa ce.

Akwai kuma dabarun da ba sa bukatar reza. Wake ba ta ɗora shi a wuta sai ya sha jiƙo. Shinkafa da ta tafasa sai ta kashe gas, ta naɗe tukunyar cikin tsohon bargo, ta ƙarasa nuna da kanta. Kasuwa sai masu tumatir sun fara haɗa kaya take shiga, lokacin da babu mai son komawa gida da kwando. Ruwan ɗauraya shi ke goge ɗaki. Takalmin makaranta da ɗan girma take saye, ta cusa tsumma a gaba har ƙafa ta cika shi. Na koyi abubuwa da yawa a wurinta, har gobe tukunyata cikin bargo take ƙarasawa. Ba tattalin nake zargi ba. Inda tattalin ke tafiya, shi ne ciwona.

Mijinta mai fenti ne. Ba mugu ba ne, wannan ma shi ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da na san inda zan ajiye shi a raina. Mutum ne mai fara'a, hannunsa a buɗe yake idan ya fita waje. A wurin mai shayi shi ke cewa a zuba wa kowa. Abokin aiki ya kawo kuka, shi ne na farkon sa hannu a aljihu. Yana kuma alfahari da matarsa, ko'ina ya zauna sai ya ce tasa ko tsakuwa ka ba ta za ta ciyar da gida. To ga yadda abin yake tafiya. Duk watan da ya ga gas ya kai ƙarshe da saura, wata mai zuwa sai ya rage kuɗin gas, tunda ashe ya yi yawa. Sabulu ya daɗe, kuɗin sabulu ya ragu. Ita ta tsime, shi ya zare. Albashinta tuni ya shige cikin tukunya. Maimakon ta yi magana, sai ta zauna ta ƙirƙiro wata dabarar. Na sha yi mata faɗa a kan haka. Ta gaya mini a gidan da ta tashi, kullum da rigimar cefane ake karyawa, uwa na kuka uba na buga ƙofa, shi ya sa ta yi wa kanta alkawari yaranta ba za su taɓa jin wannan ba.

Ciwon ya fara da jiri. Muna cikin ninki ta dafa teburin guga ta ce ɗakin yana juyawa. Na raka ta asibiti, aka auna, aka ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Likita ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum, ya ja kunnenta cewa ba maganin da ake sha a daina ba ne. Da farko ta bi. Ciwon kai ya tafi, ta dawo da tsokanarta. Sai kaya suka yi tsada, maganin ma ya tashi, abin da mai fenti ke ajiye mata a kan tebur kuwa bai motsa ba.

Wata rana lokacin hutun cin abinci na same ta a ƙarshen teburin guga ta juya baya. Ta ɗora ƙwayar a kan murfin gwangwani, ta sa reza ta raba ta biyu, har da lasar yatsa ta dangwale garin da ya zuba.

Na ce, "Me nake gani haka?"

"Kin cika ido, Uwar Faɗa."

"Ɗaya likita ya ce."

"Likita bai kalli tsawona ba ne. Ƙwaya ɗaya ta irinku ce dogaye. Ni da ban fi rabinki ba, rabi ya ishe ni."

Ban yi dariya ba. Na yi mata tas har sauran mata suka leƙo. Da aka biya mu na sayo mata kwali guda na danƙa mata. Ta rungume ni, ta yi godiya har da ƙwalla, washegari na ga ta sa masa reza shi ma, wai na saya mata na wata biyu ban sani ba. Na ja ta har wurin mai kantin magani, ya gaya mata da bakinsa cewa rabin nan ba zai riƙe jinin ba. Ta yi ta cewa to, to, kamar yarinyar kirki. Na san wannan to ɗin nata.

Da na ga ba ni da sauran dabara, sai na nemi mijin a inda yake aiki, wani sabon gida da ba a tare ba tukuna. Yana saman tsani da buroshi, ya gan ni ya washe baki, wai yau Uwar Faɗa da kanta, Allah ya sa ba shi aka zo kamawa ba. Na ce masa matarsa tana raba maganinta biyu. Dariya ya yi. Ya ce ai na san halinta, ita ko ashana ta samu sai ta tsaga.

"Ni ba ta taɓa ce mini bai isa ba," in ji shi. "Da ta faɗa ai da na ƙara."

"Sai ta faɗa? Fentin da ke hannunka, yadda ka saye shi bara haka ka saye shi bana?"

Ya sauko daga tsanin, fara'ar ta ɗauke. Ya rantse mini zai gyara, kuma a watan nan ya ƙara, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai ya gaya mata na je. Ƙarin kuma ya tarar da gas ya ƙare, takalmin auta ya buɗe baki. Wata na zagayowa ya duba ya ga gida lafiya, abinci na sauka, mata na murmushi, sai ya koma inda yake.

Ita kuwa ta yi fushi da ni irin wanda ba ta taɓa yi ba. Mun daɗe muna ninke zanen gado babu mai ce wa wata uffan, mu haɗu a tsakiya ta kawar da kai. Ranar da ta huce, safar sabulu ta ajiye mini a cikin jaka. Ta ce na tona mata asiri a gaban mijinta, na sa ya ga kamar ta kasa riƙe gida. Na ce na yarda ta yi ta fushi da ni har tsufa, in dai za ta tsufan. Ta yi mini alkawari, ta riƙa haɗiye ƙwaya sukutum a gabana tana buɗe baki in gani. Sai daga baya babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya saboda ƙannenta, ta gaya mini ashe ranakun aiki kawai take shan cikakkiya, ta rama a ranakun hutu da rabi ko babu.

Da safe ne, muna tsakiyar aiki. Mun ja zane ya miƙe, sai na ga bakin zanen da ke hannunta na hagu ya faɗi ƙasa. Ta tsaya tana kallon hannunta kamar na wata. Ta ɗago za ta yi mini wasa, na ga bakin ya karkace, maganar ta ƙi fita. Ni na tare ta kafin ta kai ƙasa. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

A asibiti mai fenti ya yi duk abin da aka ce. Duk takardar da aka miƙo masa da gudu yake zuwa ya sayo. Har tsaninsa ya sayar. Ina kallon sa yana kai da kawowa da ledojin magani, zuciyata tana tafasa, don abin da ya kashe a 'yan kwanakin nan da ya saya mata ƙwayarta cikakkiya ta shekaru. Ashe akwai. Ba ta sake magana ba har Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙan ki, 'yar uwata, ya sa kin huta.

Da baƙi suka ragu, yayar mijin ta ɗauko gwangwanin nan daga cikin kayan da na kwaso daga wurin aiki, ta danƙa wa Yaya, ta ce ga gadon uwarta, ta riƙe gida yadda aka riƙe shi. Yarinyar da ba ta daɗe da gama makaranta ba. Na ja ta kicin muka buɗe. Reza ce a ciki, da ragowar ƙwayoyi, duk rabi-rabi. Na ce mata ta riƙe bargon, ta riƙe safar, ta ci gaba da zuwa kasuwa da yamma, duk ilimi ne uwarta ta bar mata. Amma akwai magana ɗaya da uwarta ta mutu ba ta faɗa ba, kuma idan ita ma ta haɗiye ta, haka za a zauna wata rana ana yabon ta. Ta ce tana jin nauyin babanta, ga shi yana cikin baƙin ciki. Na ce ni ma ina ciki.

Ranar hutuna na koma duba su, na tarar mai fenti yana shirin fita. Ya ajiye kuɗin cefane a gefen tebur, inda ya saba ajiyewa, ya ɗauki hularsa. Yaya ta kalli kuɗin, ta kalle ni. Wannan maganar ba tawa ba ce.

"Baba," in ji ta, "bai isa ba."

Ya juyo da mamaki, ba da faɗa ba. Ya ce ai mamansu da haka take yi, har da saura.

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin. Ta kama hannunsa ta juye masa rabin ƙwayoyin a tafi.

"Ga sauran, Baba."

Ya kalli tafin hannunsa. Sannan ya zauna a hannun kujera, hular ta zame ƙasa bai ɗauka ba. Da ɗaya hannun ya laluba aljihu ya fito da duk abin da ke ciki ya ɗora a kan na farko. Ya ce daga yau ta riƙa gaya masa. Ta ce za ta riƙa faɗa, amma shi ma ya riƙa tambaya.

Ban sani ba ko zai ɗore, don na taɓa ganin ƙarinsa na wata guda. Ina dai zuwa gidan, Yaya kuma ta ce ya zuwa yanzu bakinta bai mutu ba. Yana gaishe ni da ladabi, ina amsawa. Yafiya ce ban kai gare ta ba tukuna, ba zan ɓoye ba.

A wurin aiki an haɗa ni da wata sabuwa, doguwa kamar ni, ba ruwanta. Jiya take tambaya ta ko bayana ke ciwo, wai ta ga duk sanda muka tako muka haɗu a tsakiya sai na ranƙwafa.