Yaya Awudu da Sabar Asibitinmu

Duk wanda ya san Yaya Awudu ya san ba ya taɓa na'ura sai ya gaishe ta. Zai shigo ɗakin sabar ƙaramin asibitin da nake aikin nas a unguwar Maamobi, ya tuɓe takalmi, ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" Ni ƙanwarsa kuwa ko kallo ban ishe shi ba!

Sabar nan, wato babbar kwamfutar asibitin, waya uku ke shiga bayanta: ta intanet, ta ofis, da ta injin gwajin jini, wanda ba ya ba da sakamako sai ta wurinta. Rannan sakamako ya daina fitowa, likita ya ce a sayo sabuwa. Yaya ya galla masa harara.

"Dokta, bai lalace ba kraa, ko kaɗan. Saƙo ya shigo ta hanyar Kanda, amsa ya fita ta hanyar New Town. Kai in trotro, motar haya, ya yi maka haka, za ka kai gida?"

Ya buga layi biyu, sai ga takardu suna fitowa.

Abin haushin, ba ya adana gyaran. Da an ɗauke wuta saba za ta manta hanyoyinta, sai an kirawo shi. Na ce, "Yaya, don Allah ka ajiye abin nan a cikinta mana."

"In ya iya da kansa, wa zai neme ni? Ke ma sai wuta ya tafi kike tuna kina da wa."

Ba ƙarya ya yi ba.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Nima, wurinmu aka kawo shi. Ana ɗibar jininsa aka ɗauke wuta. Ta dawo, saba ta manta komai, likita kuma yana jiran sakamako kafin ya san allurar da zai yi masa. Yaya na kwance, harshe ya yi nauyi, yana faɗa mini abin da zan buga, ina ta kai da komo tsakanin gadonsa da ɗakin saba.

"Waya na biyu, sakarya! Ki ce ya bi na biyu."

Ina kuka yana zagina. Da takardar ta fito na fizge ta na ruga. Likita ya karɓa bai ko duba ba, ashe har ya ja masa mayafi.

Wallahi har yau haushinsa nake ji, kewarsa kuma ta fi. Allah Ya jiƙan Yayana, Ya yafe masa taurin kan nan, Ya yalwata masa kabari.